Ta Yaya Zan Kwafe Saƙonnina na Outlook Zuwa Faifan Ajiya na Waje?

Wata 'yar'uwa da ke riƙe da wasiƙu da lissafin wani ƙaramin kamfani ta rubuto tana cewa shekaru da dama ke nan tana aiki da Outlook a kwamfutar ofis, kuma takardun oda da rasit da yarjejeniyoyin kamfanin duk a cikin imel suke. Ta lalubo fayil ɗin da take zaton saƙonnin na ciki, ta nemi kwafe shi a filash. Da farko kwamfuta ta ce wata manhaja ta kulle fayil ɗin. Da ta sake gwadawa washegari, sai aka ce mata fayil ɗin ya yi wa filash girma, alhali filash ɗin mai gigabait 32 ne kuma babu komai a cikinsa. Tana son sanin yadda ake yi, kuma idan ta kwafa ko shi ke nan hankalinta ya kwanta.

Wa alaikumus salam, Malama. Matsalolin nan biyu da suka tare ki ƙanana ne, kuma za mu zo kansu. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ki tambaya ba: kin tabbata fayil ɗin da kike ta fama da shi shi ne ke ɗauke da saƙonninki, kuma irin wanda za a iya buɗewa a wata kwamfutar ne? A aikin nan na gyara da kula da kwamfutocin ofisoshi, akasarin waɗanda na ga sun yi asarar wasiƙu suna da wani abu a faifan ajiya da suke kira kwafi. Sai ranar buƙata ta zo a tarar ko dai ba fayil ɗin da ya dace aka ɗauka ba, ko kuma an ɗauke shi a lalace.

Outlook na kwamfutar Windows yana da fayil iri biyu. Akwai mai ƙarewa da .pst, akwai mai ƙarewa da .ost. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma hukuncinsu daban ne ƙwarai. Don ki san naki, ki buɗe Outlook ki danna File, sannan Account Settings, ki sake danna Account Settings a jerin da zai sauko. A shafin Email za ki ga adireshinki, a gefensa an rubuta irin asusun: POP, ko IMAP, ko Microsoft Exchange. Daga nan ki koma shafin Data Files, inda aka jera duk fayilolin da Outlook ke amfani da su da wurin da kowanne yake zaune. In kin zaɓi ɗaya kika danna Open File Location, za a buɗe miki foldar da yake ciki. Ki duba jerin nan da kyau, domin sau da yawa fayil ɗin ya fi ɗaya. Akan sami wani mai suna archive, wanda Outlook ya daɗe yana kwashe tsofaffin saƙonni yana zubawa a ciki ba tare da mai kwamfutar ya lura ba.

Idan asusunki POP ne, fayil ɗinki .pst ne, kuma lamarinki na gaggawa ne. POP kamar akwatin gidan waya yake: an je an kwaso wasiƙun an kawo gida, akwatin ya koma fayau. A saitin da Outlook ke zuwa da shi tun daga na 2010, yakan bar kwafin saƙo a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da akwatin imel ɗinki a intanet, na kwana 14, daga nan ya goge. Saƙonnin da kika aika kuwa, a yawancin sabobi ba su taɓa zama a can ba ko na kwana ɗaya, a kwamfutarki kawai suke. Ma'ana, wasiƙun shekarun nan duka, da sunaye da lambobin abokan hulɗa, da kalanda, suna cikin fayil guda a kan faifai guda. Ƙananan kamfanoni da yawa da suka sami imel tare da shafinsu na intanet a haka aka saita musu, saboda wurin ajiyar da ake ba su a saba ba shi da yawa. Daga yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton naki haka yake.

Idan kuwa IMAP ne a Outlook na 2013 zuwa sama, ko Exchange, ko Microsoft 365, ko Outlook.com, abin da za ki gani .ost ne. Wannan kwafi ne na abin da ke saba, an ajiye shi don ki iya karanta saƙo ko babu intanet. A ɗaure yake da asusun da kuma saitin kwamfutar da aka yi shi a kai. In kin kai shi wata kwamfutar, Outlook ba zai buɗe miki shi ba, sai dai a koma neman manhajojin kuɗi da ke ƙoƙarin tatso abin da ke ciki, su ma ba kullum suke dacewa ba. Saboda haka kwafe .ost ɓata lokaci ne.

Kada kuma wannan ya sa ki ce ai tunda komai na saba, an huta. Abin da aka goge a waya, nan take zai ɓace a saba, ya ɓace a kwamfuta. In wani ya sace kalmar sirri ya share akwatin, haka kwamfutarki za ta bi sahu da zarar ta hau intanet. In kamfani ya manta bai sabunta kuɗin shekara na wurin da aka ajiye masa imel ba, ana iya rufe akwatin gaba ɗaya. Akwai kuma wani tarko da ya keɓanci IMAP: shi saƙonni kawai yake kaiwa da komowa, ba ya ɗaukar kalanda da sunayen mutane. Outlook sai ya ajiye waɗannan a foldoji da aka rubuta wa This computer only a gaban sunansu. Waɗannan a cikin .ost suke zaune, ba su da kwafi a ko'ina. Ranar da aka cire asusun daga Outlook don a sake saita shi, ranar suke tafiya.

Mai .ost hanyarsa ita ce fitar da saƙonnin zuwa sabon .pst. Ana danna File, sai Open & Export, sai Import/Export, a zaɓi Export to a file, sannan Outlook Data File. Sai a zaɓi sunan asusun can sama, ba Inbox kaɗai ba, a tabbata an sa alama a Include subfolders, a ba fayil ɗin suna a ajiye shi a kwamfuta tukuna. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Outlook yana fitar da abin da ya sauko kwamfutar ne kawai. A cikin saitin asusun akwai wani ma'auni da ake ja, wanda ke ƙayyade saƙonnin wata nawa za a riƙe, kuma a asusun Exchange da Microsoft 365 galibi a shekara ɗaya yake tsaye. In ba a ja shi zuwa All ba, aka kuma jira har ƙasan allo ya nuna duk foldoji sun gama saukowa, za a fitar da saƙonnin bana kawai a ɗauka an kwashe na shekara goma. Saukowar za ta ci data, amma sau ɗaya ne.

Mu dawo kan .pst da kullewar da kika gani. Muddin Outlook na buɗe, yana riƙe da fayil ɗin, kuma Windows ba zai bari a kwafe shi ba. Gara ma da ya hana ki. Fayil ɗin .pst ba tarin wasiƙu ba ne a jere ɗaya bayan ɗaya. Rumbun bayanai ne mai ɗauke da jadawalin da ke nuna inda kowane saƙo da kowace takardar da aka maƙala take a cikinsa. In aka kwafe shi daidai lokacin da Outlook ke rubutu, ana iya samun jadawalin yana nuni zuwa abin da bai riga ya shiga ba, kwafin ya fito da girmansa daidai amma ya ƙi buɗuwa. Don haka ki rufe Outlook, ki ɗan jira kamar minti ɗaya. In har yanzu an ce a kulle yake, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki duba ko Outlook na nan a ɓoye yana aiki. Ni dai ba na son a riƙa kashe shi da ƙarfi daga nan, domin wataƙila rubutu yake ƙarasawa. Abin da ya fi aminci shi ne ki sake kunna kwamfutar, kada ki buɗe Outlook, ki fara da kwafin.

Batun girma kuwa, laifin ba na yawan wurin da ke filash ɗin ba ne, na tsarin da aka yi masa ne. Yawancin filash masu gigabait 32 zuwa ƙasa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, komai yawan wurin da ya rage. Ki danna filash ɗin da maɓallin dama na maus, ki zaɓi Properties, za ki ga an rubuta tsarinsa a gaban File system. Maganin shi ne a yi masa fomatin zuwa NTFS ko exFAT, kuma fomatin yana share duk abin da ke ciki, sai ki kwashe kayanki tukuna in akwai. Ki kuma kalli harafin faifan sau biyu kafin ki danna, kada a share wani faifan daban. Tsakanin biyun, tunda Windows kike amfani da shi, NTFS nake zaɓar miki. Yana riƙe da bayanin abin da yake cikin rubutawa, shi ya sa ya fi jure ɗaukewar wuta ko cirewar ba-zata. Shi exFAT amfaninsa shi ne kwamfutar Mac ma tana iya rubutu a kansa.

Amma gaskiya, Malama, ba na son wasiƙun kamfani su dogara da filash. Yana da saurin ɓata, yana mutuwa ba tare da gargaɗi ba, kuma na jabu sun cika kasuwa. Na jabun shi ne mafi haɗari ga irin aikinki. Za a rubuta gigabait 64 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali ainihin abin da ke ciki bai wuce kaɗan ba. In an wuce iyakarsa ta gaskiya, sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa ko yana rubutawa a kan abin da ya riga ya shiga. Mai ajiye ƙananan takardu zai iya daɗewa bai gane ba, amma fayil guda mai gigabait 10 ko 15 kai tsaye zai lalace, kuma kwamfuta za ta ce an gama kwafi lafiya. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika faifai da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. Duk sabon filash ko faifan da za a damƙa wa amana, a fara gwada shi da ita tun yana fanko.

Ki sa kamfani ya sayi faifan ajiya na waje mai terabait 1, daga shagon da ake iya komawa in an sami matsala. Mai juyawa a ciki ya fi araha, sai dai ba ya son faɗuwa, musamman yana cikin aiki. Na SSD ya fi sauri kuma ya fi jure jijjiga, amma ya fi tsada. Kowanne kika samu zai yi. Sharaɗin da ba na sassautawa a kai shi ne faifan nan na wannan aikin ne kaɗai. Ba a kai shi shagon buga takardu, ba a ara wa kowa ya zuba fim ko hotunan biki. Bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji ya mayar da su shotkot ta irin wannan yawon yake yaɗuwa. Kuma da an gama kwafi a cire shi a sa a durowa. Akwai mugayen manhajoji masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, kuma duk faifan da suka tarar a jone suna haɗawa da shi. Haka ma wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona kwamfuta tana iya tafiya da abin da ke maƙale da ita.

Wajen kwafin kansa, Copy za ki danna, ba Cut ba, kuma kada ki ja fayil ɗin da maus. A faifan, ki buɗe folda mai kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2025-03-14, domin su jeru da kansu. Kowane kwafi da sabuwar foldarsa. Kada ki taɓa zuba sabo a kan tsoho. Dalili biyu ne. Na farko, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa a kan tsohon, kin rasa tsohon, sabon kuma bai kammala ba. Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa: fayil na iya fara lalacewa, ko a goge wata folda bisa kuskure, ba a lura ba sai bayan wata biyu. In kullum a kan kwafi ɗaya ake rubutawa, ɓarnar ta riga ta shiga cikinsa. Wuri ba zai zama matsala ba, domin fayil mai gigabait 15 zai shiga faifan terabait 1 sama da sau sittin. Ki riƙe na makonni huɗu na baya-bayan nan, da ɗaya na ƙarshen kowane wata, da ɗaya na ƙarshen kowace shekara wanda ba a gogewa. In kwamfutar tebur ce ba UPS, ki zaɓi lokacin da wuta ta fi zama ko lokacin da aka tada janareta. Ki jona faifan a ramin USB mai launin shuɗi in akwai, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Da an gama, ki danna Eject ki jira a ce miki an sake shi kafin ki zare.

Yanzu ga sashen da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne amsar rabin tambayarki na biyu. A'a, kwafi kaɗai bai isa hankali ya kwanta ba sai an gwada shi. Gwajin farko mai sauƙi ne: kafin ki sake buɗe Outlook, ki duba Properties na asalin fayil ɗin da na kwafin, ki kwatanta lambar da ke gaban Size har zuwa bait na ƙarshe. Dole su zo ɗaya. Na ce kafin ki buɗe Outlook ne saboda da zarar ya buɗe yake taɓa fayil ɗin, ko ba a sami sabon saƙo ba. Wanda ya saba da Command Prompt zai iya wuce haka, ya yi amfani da umarnin certutil -hashfile ya fitar da lambar SHA256 ta kowanne. In lambobin biyu sun dace, babu ko bait ɗaya da ya canza. Wannan yana kama filash na jabu, abin da kwatanta girma ba ya yi.

Gwaji na biyu shi ne na gaske. Ki kwafo fayil ɗin daga faifan waje zuwa wata sabuwar folda a kwamfuta, ki canza masa suna zuwa gwaji, ki buɗe Outlook, ki danna File, Open & Export, Open Outlook Data File, ki zaɓe shi. Zai bayyana a gefen hagu ƙarƙashin foldojinki. Ki shiga ki nemo saƙo mafi tsufa, ki nemo na jiya, ki leƙa Sent Items, ki buɗe takarda biyu ko uku da aka maƙala, ki duba sunayen mutane. In komai ya fito, ki danna sunansa da maɓallin dama ki zaɓi Close, ki rufe Outlook, ki goge fayil ɗin gwajin. Kada ki buɗe wanda ke kan faifan waje kai tsaye. Outlook zai yi rubutu a cikinsa, zai kuma riƙa nemansa duk lokacin da aka kunna, kuma in waya ta motsa faifan ya katse yana buɗe, kwafin da kike taƙama da shi ne zai lalace. Ba sai kowane mako za ki yi wannan gwajin ba, amma ki yi a karon farko, sannan duk bayan wata biyu ko uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da kwamfuta ta mutu ba ranar koyon mayar da saƙonni ba ce.

Sau nawa za a riƙa kwafa? Ki tambayi kanki wasiƙun kwana nawa kamfanin zai iya rasawa bai shiga uku ba. Ga mai POP akwai lissafi mai daɗi a nan: tunda saba na riƙe saƙonnin da suka shigo na kwana 14, in kina kwafa kowane mako, ko faifan kwamfutar ya mutu, abin da ya shigo bayan kwafin ƙarshe yana nan a saba zai sake saukowa. Abin da za ki rasa shi ne waɗanda kika aika a 'yan kwanakin. Ki tabbatar dai saitin nan na barin kwafi a saba yana kunne, a cikin More Settings, shafin Advanced. Ki tsayar da rana ɗaya, misali Alhamis kafin a tashi, ta zama al'ada. A da Microsoft na da wata ƙaramar manhaja da ke tuna wa mutum ya yi kwafi in zai rufe Outlook, amma ta tsaya a kan Outlook na 2007. Yanzu wanda ke son sauƙi yakan rubuta layi ɗaya na robocopy, umarnin Windows na kwafe fayiloli, ya ajiye, kamar haka:

robocopy "C:\Users\SUNA\Documents\Outlook Files" "E:\Imel\2025-03-14" *.pst /R:1 /W:5

A canza SUNA da sunan mai kwamfutar, a canza kwanan watan, a kuma duba harafin faifan domin yakan sauya. In wani ya ba ki irin wannan layin da /MIR a ciki, ki cire shi, saboda yana goge abin da ke foldar da aka nufa a faifan ajiya wanda babu shi a foldar kwamfuta.

Akwai abubuwan da ba sa cikin .pst. Sa hannun da ke fita a ƙasan wasiƙunki yana wata folda daban. Ki rubuta %appdata%\Microsoft\Signatures a layin adireshi na File Explorer, ki kwafe abin da ke ciki. Ƙa'idojin da ke rarraba saƙonni zuwa foldoji gara a fitar da su daban ta Manage Rules & Alerts, sai Options, sai Export Rules. Saitin asusun, wato sunan sabar shigowa da ta fita da lambobinsu, ki rubuta a takarda ki adana. Kalmar sirri ma ba ta cikin fayil ɗin, kuma na sha ganin ofishin da shekaru suka wuce ba wanda ya san ta, saboda Outlook na tuna musu. Ki tabbatar kin san ta tun yau. Sai adireshin da ke faɗowa da kansu in kin fara rubuta sunan mutum: mutane da yawa suna ɗauka an ajiye su a cikin sunayen abokan hulɗa, alhali jerin tuni ne kawai, kuma ba kullum yake bin mutum zuwa sabuwar kwamfuta ba. Masu muhimmanci a cikinsu ki mayar da su Contacts.

Sirri ma abin dubawa ne. Duk wanda ya tsinci faifan nan ya tsinci farashin kamfani da bayanan bankin abokan ciniki. Kalmar sirrin da Outlook ke bari a sa wa .pst ba ta da ƙarfi, akwai manhajoji da ke cire ta cikin ɗan lokaci. In Windows ɗinki Pro ne, ki kulle faifan da BitLocker, ki buga lambar ceto mai alƙaluma 48 da zai ba ki a takarda, a ajiye ta inda ba a ajiye faifan ba. In Home ne, ki dunƙule kwafin da 7-Zip ki sa masa kalmar sirri mai tsawo. Kuma tunda wasiƙun na kamfani ne, ki sanar da mai kamfanin, ya san da faifan, ya san inda yake kwana, wani mutum ɗaya bayan ke ya san yadda ake buɗe shi. In a Najeriya kuke, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfani nauyin tsare bayanan mutanen da yake riƙe da su, har da waɗanda ke kan irin wannan faifan.

Faifai ɗaya a durowar da ke ƙarƙashin kwamfutar yana maganin mutuwar kwamfuta, amma ba ya maganin gobara ko ɓarawo. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe a kai ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. A aikace, faifai biyu ne ana musanya su: ɗaya a ofis, ɗaya a gidan mai kamfanin. Ana iya ɗora rufaffen kwafi a ma'ajiyar intanet in data ta wadata. Abin da ba a yi shi ne barin .pst da Outlook ke aiki da shi a cikin foldar da OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, ke kwasa. Microsoft da kansu sun yi gargaɗi a kan haka, saboda fayil ɗin kullum a buɗe yake kuma kullum yana canzawa. Ki duba adireshin da kika gani a Data Files, in da kalmar OneDrive a ciki, a nemi wanda ya iya ya matsar da shi bayan kin yi kwafi.

In fayil ɗin ya yi ƙiba sosai, ki sani iyakarsa a Outlook na 2010 zuwa sama gigabait 50 ne, na 2003 da 2007 gigabait 20, tsohon tsari na kafin 2003 kuwa gigabait 2 kacal, kuma tun kafin a kai iyaka yake fara nauyi. Ana iya kwashe tsofaffin shekaru zuwa fayil na daban, a rufe shi, a kwafe shi sau ɗaya a faifan biyu, sai kwafin mako ya yi sauƙi. Ki lura dai cewa Archive ɗauke saƙo yake daga nan ya kai can, ba ya yin kwafi na biyu. In kuma wata rana Outlook ya ce fayil ya lalace, akwai scanpst.exe a cikin foldar Office da ke gyarawa, amma a kwafe fayil ɗin a yadda yake kafin a sa masa hannu, domin gyaran kan zubar da abin da ya kasa karantawa.

Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016 da 2019 a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka ofisoshi da yawa suna sauya kwamfuta. Sababbin suna zuwa da wani sabon Outlook wanda tsarinsa daban ne, kuma bai kai tsohon iya aiki da .pst ba. Duk matakan da na lissafa na tsohon ne, wanda yanzu ake rubuta wa classic a gaban sunansa, shi za ki ce a sa miki. A sabuwar kwamfutar, a zuba fayil ɗin a Documents cikin foldar Outlook Files, wajen saita asusun POP a nuna masa wannan fayil ɗin maimakon ya buɗe sabo. Saƙonnin makonni biyu da ke saba za su iya sake saukowa su zama bibbiyu, wannan ba abin tsoro ba ne. Mai amfani da manhajar imel ta Thunderbird kuwa, nasa ba fayil guda ba ne; ya rufe manhajar ya kwafe foldar %appdata%\Thunderbird ɗungurungum, saƙonni da saiti duk suna ciki.

Kafin kwamfutar nan ta je hannun mai gyara, ko da allo ne kawai ya fashe, ki yi kwafinki ki gwada shi da kanki. Masu gyara da yawa in za su yi fomatin suna kwashe Desktop da Documents da hotuna, su ɗauka sun gama. A kwamfutocin da aka daɗe ana amfani da su, .pst yakan zauna ne a AppData\Local\Microsoft\Outlook, folda ce da Windows ke ɓoyewa, wanda bai je nemanta ba ba zai gan ta ba. Ki rubuta masa cikakken adireshin da kika gani a Data Files a takarda, ki ce kada a share komai sai kin zo kin ga saƙonninki sun buɗe a wata kwamfutar.